Ɗan kifin da ba ya barin reshen murjani: yadda gobi yake rayuwa

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na ga wani ɗan mitsitsin kifi kore mai jajayen zane a fuska a wani bidiyon ƙarƙashin teku, ya lafe tsakanin rassan murjani, ko motsi ba ya yi. Wane irin kifi ne, me yake ci, me ya hana manyan kifaye haɗiye shi, kuma zai rayu idan an sa shi a tankin gilashi?"

Bisa kwatancen da ka yi, malam, abin da ka gani ɗaya ne daga cikin kifayen da ake kira gobi. Dangi ne babba, kusan iri dubu biyu, yawancinsu ƙanana masu zama a ƙasan ruwa. Kore mai jajayen layuka a kai da fuska shi ne masana suka raɗa wa suna Gobiodon histrio, kuma ko ya gama girma da wuya ya wuce santimita uku da rabi, wato bai kai tsawon ɗan ƙaramin yatsanka ba. Yana da ɗan'uwa da suke kama sosai, Gobiodon erythrospilus, sai dai shi jan nasa ɗigo-ɗigo ne a jere. Akwai kuma rawaya fes, Gobiodon okinawae, wanda masu kiwon kifin ado suka fi sani. Ana samun histrio daga Bahar Maliya har zuwa yammacin Tekun Fasifik, arewa zuwa kudancin Japan, kudu zuwa babban shingen murjani na gabar Ostireliya, a ruwa mai ɗumi mara zurfi, galibi ƙasa da mita goma sha biyar.

Duk sauran tambayoyinka amsarsu tana jikin murjanin da ka gan shi a ciki, don haka sai mu fara da shi. Murjani dabba ne, ko da yake ido yana ɗaukarsa dutse ko itace. Dubban ƙananan halittu ne masu taushin jiki suke haɗuwa su gina ƙashi na farar ƙasa, kuma a cikin tsokarsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda take sarrafa hasken rana ta ciyar da su. Irin da wannan gobi ya fi so shi ne Acropora nasuta, wanda yake fitowa kamar curi mai gajerun rassa a tsaitsaye, kamar yatsu da yawa da aka ɗaga sama. Ratar da ke tsakanin reshe da reshe ita ce ɗakin kifin. Idan ta yi ƙunci ba zai iya juyawa ba, girmansa ma sai ya tsaya. Idan ta yi faɗi, bakin abokin gaba zai shiga. An gwada wannan a Ostireliya, aka ɗauki kifayen aka sa wasu a Acropora nasuta, wasu a Acropora loripes mai matsattsun rassa, sai aka ga na cikin nasuta sun fi saurin girma kuma sun fi tsira. Shi ya sa ake kokawa a kan murjani mai kyau, kuma histrio yakan kori wani ƙaramin ɗan'uwansa, Gobiodon brochus, ya bar masa na baya-baya.

Dubi jikin kifin da kyau idan ka sake kallon bidiyon. A matse yake ta gefe da gefe, mai tudun baya, kai gundumeme, goshi a tsaye, daidai wanda zai sulale ta tsaga. Fukafukan nan biyu na ƙarƙashin ƙirji sun haɗe sun zama ɗan faifai mai kama abu, da shi yake manne wa reshe idan igiyar ruwa tana kaɗawa. Ba ya iya tsayawa a tsakiyar ruwa kamar kifayen da suke dogara da jakar iska ta ciki. Da ya daina kaɗa fukafukai sai ya sauka. Zaman da ka ga ya yi shiru ba ciwo ba ne, haka yake wuni: ya lafe, ya zabura ɗan taƙi kaɗan, ya sake lafewa. Layin nan na jin motsin ruwa da ke bin gefen jikin yawancin kifaye babu shi a jikin gobi, sai 'yan ƙananan ƙofofi da tsirarrun ƙuraje masu ji a kai da kumatu, kuma tsarinsu na daga abin da masana ke dubawa wajen bambance iri da iri.

Ba shi da ɓawo a jiki. Fatar tsirara ce, lulluɓe da yauƙi mai kauri, kuma yauƙin nan yana da ɗaci da guba. Idan aka zuba shi a ɗan ruwan da wani ƙaramin kifi yake ciki, kifin yakan rasa daidaito ya soma kifewa, kuma kifaye masu farauta da dama sukan tofar da gobin ko su ƙi kula shi. Amma kada a ɗauka gubar ta zame masa sulke. A buɗaɗɗen ruwa nan da nan take tsarwatsewa, akwai kuma mafarautan da ba ta dame su ba. Babbar kariyarsa ita ce ƙin fita.

A nan ne abin ya fi ban sha'awa, domin ƙin fita yana da tsada. Da rana gansakukar da ke jikin murjani tana fitar da iskar oksijin, ruwan da ke tsakanin rassa ya cika da ita. Da dare ya yi sai lamarin ya juye: babu haske, murjanin da duk 'yan hayar da ke cikinsa, ƙaguwa da jatan lande da tsutsotsi, kowa shaƙa yake yi babu mai fitarwa. A daren da teku ta kwanta lumui, ruwan ba ya sauyawa, sai iskar ta yi ƙasa. Göran Nilsson da abokan aikinsa sun auna wannan a binciken da suka wallafa a 2004, suka samu tana iya sauka zuwa tsakanin kashi 2 da kashi 30 cikin 100 na abin da ruwa ke ɗauka idan ya ƙoshi da iska. Kifi na yau da kullum guduwa zai yi, kuma a bakin ƙofa mafarautan dare suke jira. Shi histrio yana ci gaba da shaƙar abin da ya ishe shi har iskar ta sauka zuwa kashi 18, ƙasa da haka ma yana jurewa aƙalla awa biyu. Wani lokacin kuma teku takan janye sosai har murjanin gaba ɗaya ya fito fili. Nan ma ba ya bin ruwa ya tafi. Ya zauna a cikin rassan masu laima sama da awa uku a gwajin, yana shaƙar iskar sarari, yana samun kusan kashi 60 na abin da yake samu a ruwa. Rashin ɓawon nan yana da hannu a ciki, domin jiƙaƙƙiyar fata tsirara tana barin iska ta ratsa zuwa jini.

Abincinsa duk a cikin gida yake ko a bakin ƙofa: 'yan ƙananan dangin jatan lande da suke rarrafe a jikin rassa ko ruwa ya kawo su, ɗan tsiron gansakuka, da kuma yauƙin murjanin da ɗan abin da yakan gutsura daga tsokarsa. Wato yana ɗan cin mai gidansa. To me murjanin yake samu? An daɗe ana ɗaukarsa ɗan haya kawai, har Danielle Dixson da Mark Hay suka yi wani gwaji a Fiji da aka wallafa a 2012. Akwai wata ciyawar teku koriya shar mai kama da gashi, Chlorodesmis fastigiata, wadda idan ta taɓa murjani take ƙona masa tsoka da gubarta. Suka jingina ta a jikin Acropora nasuta. Cikin 'yan mintoci gobin ya zo ya soma datse ta daidai inda take gogar murjanin. A kwana uku ciyawar ta ragu da kusan kashi 30, ɓarnar da take yi kuma ta ragu da kashi 70 zuwa 80 idan aka kwatanta da murjanin da babu gobi a ciki. Da suka ɗebo ruwa da sirinji daga wurare daban-daban suka fesa wa kifin, sai ya nuna ba warin ciyawar ne yake kiransa ba, wani sinadari ne da murjanin yake saki idan an taɓa shi. Kuma histrio haɗiye ciyawar yake yi, gubar fatarsa ta ƙaru. Wani gobin da suke zama tare a irin wannan murjani, Paragobiodon echinocephalus, yana datsewa amma ba ya ci. A Bahar Maliya kuma an ga gobi suna kai wa kifayen malam-buɗe-littafi masu cin tsokar murjani hari, har su rage yawan cizon da suke yi. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne sosai, ko da yake ba kowane irin Gobiodon aka gwada ba, kuma bai kamata a shafa wa duka abin da aka gani a biyu ko uku ba.

Sai batun aure, wanda shi ma murjanin ne ya tsara shi. Curi ɗaya yakan ɗauki namiji ɗaya da mace ɗaya. Idan ɗaya ya mutu, wanda ya rage yana cikin matsala: maƙwabcin murjani yana iya zama mita kaɗan daga nan, amma ga kifin da bai kai yatsa ba, mita kaɗan a fili tafiya ce ta sai wanda ya tsira. Ba zai yi ta yawo yana neman jinsin da ya dace ba. Duk baligin da ya samu, da shi za a zauna, jiki ya gyara sauran. Philip Munday da abokansa sun nuna a 1998 cewa wannan kifi yana sauya jinsi ta kowane ɓangare. A haɗa mata biyu, ɗaya ta zama namiji. A haɗa maza biyu, ɗaya ya koma mace. Abin yakan ɗauki 'yan makonni. A erythrospilus ma an ga cewa matashin kifi yakan jinkirta balaga har sai ya samu abokin zama, sannan ya balaga da kishiyar jinsin wanda ya tarar. Daga waje ba ka gane namiji da mace ta launi. Sai an duba ɗan tsiron da ke bayan dubura da madubin ƙara girma, na namiji siriri mai tsini, na mace gajere mai kauri.

Ma'auratan kusan kullum girmansu ɗaya, kuma da dalili. Yawan ƙwan da mace za ta saka ya danganta da girmanta, yawan wanda namiji zai iya tsarewa ya danganta da nasa, saboda haka ƙaramin cikinsu ne yake yanke yawan 'ya'yan da za a samu. Idan aka haɗa babba da ƙarami, ƙaramin yakan ƙara saurin girma, babban ya sassauta, har su daidaita.

Idan lokacin saka ƙwai ya yi, sukan share wani ɗan wuri a gindin reshe, su kankare tsokar murjanin har farin ƙashi ya fito. Macen ta jera ƙwai a nan, ɗaruruwa, kowane ɗaya maƙale da 'yan zarurruka. Namijin ne mai gadi: yana yi musu fifita da fukafukan ƙirji don iska ta ratsa, yana tsince waɗanda suka lalace kafin ruɓa ta kama na kusa. Ƙasa da mako suke ƙyanƙyashewa. 'Ya'yan suna fitowa garai-garai kamar gilashi, milimita biyu zuwa uku, su bar murjanin su shiga buɗaɗɗen ruwa na wasu makonni. Wannan ita ce doguwar tafiya ɗaya tilo a rayuwar kifin, kuma mafi yawansu a nan suke ƙarewa. Wanda ya tsira ya dawo ya nemi murjani, yana bin wari, ya fara da ɗan ƙaramin curin da babu kowa, domin ma'auratan da ke cikin babba ba sa son baƙo.

Ba duk gobin murjani ne suke zaman biyu-biyu ba. Paragobiodon xanthosoma, mai zama a murjanin Seriatopora hystrix, gungu yake yi: namiji ɗaya da mace ɗaya masu haihuwa, sai mata da ke jiran gado a layi bisa tsawo. Kowace tana riƙe tsawonta a wajen kashi 93 cikin 100 na wadda ke gabanta. Idan ta matso fiye da haka za a kore ta, kora kuwa kusan hukuncin kisa ce, don haka idan ta kusa kai iyakar sai ta rage cin abinci da kanta ko da abincin yana gabanta. Marian Wong ce ta bi diddigin wannan a tsibirin Lizard da ke Ostireliya.

A can gefe guda kuma akwai 'yan mitsi-mitsin gobi na dangin Eviota, waɗanda ba su da guba kuma ba su da curi nasu na kansu, suna zaune a kan ɓaraguzan murjani da yashi. Su dabararsu sauri ce. Martial Depczynski da David Bellwood sun ƙirga zoben da ke cikin ɗan dutsen kunnen Eviota sigillata, wanda yake ƙara zobe ɗaya kowace rana, suka samu mafi tsufa kwana 59 ne, kusan mako uku daga ciki ma a buɗaɗɗen ruwa aka yi su. A 2005 da aka wallafa wannan, ba a san wata dabba mai ƙashin baya da ta fi shi gajeren rai ba. Irin waɗannan ƙananan kifaye na ɓoye, da ake cinye su ana maye gurbinsu ba tsayawa, wani bincike na 2019 ya ƙiyasta su ne kusan kashi 60 na naman kifin da ake ci a kan tudun murjani. Gobiodon kuwa, da ya samu curi mai kyau, yakan yi 'yan shekaru.

Raunin wannan tsari a bayyane yake. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba gani a lokacin zafi da digiri ɗaya kacal ya daɗe makonni, murjani yakan kori gansakukar jikinsa ya koɗe ya yi fari, kuma Acropora yana cikin masu fara mutuwa. Guguwa tana kakkarya shi, tauraron teku mai ƙaya yana cinye shi. Gobin ba ya zama a mataccen murjani. Da gansakuka ta rufe ƙashin, ya tashi ko ya mutu. A tsibirin Lizard guguwa ta buga a 2014 da 2015, koɗewa ta biyo baya a 2016 da 2017, kuma bayan haka masu ƙidaya sun tarar da murjani da yawa babu gobi ko ɗaya a ciki. Ko da murjanin ya soma farfaɗowa, kifin bai dawo da saurin da shi ya dawo ba, sababbin curin kuma ƙanana ne. Irin da ya dogara da murjani iri ɗaya tak shi ya fi shan wuya.

Ƙidayar ma aiki ce ta haƙuri. Mai nutso yakan zo da tocila ko da rana tsaka, ya leƙa curin ta sama da ta gefe, domin kifin zagaye reshe yake yi yana ɓuya a bayansa. Idan ana son auna shi, sai a fesa ɗan man kanumfari da aka sirka, kifin ya yi laushi, a kaɗa ruwa da hannu ya fito, a auna, a jira ya farfaɗo a jaka, a mai da shi curin da aka ɗauko shi. Idan man ya yi yawa murjanin ne yake ƙonewa.

Batun tanki: zai rayu, kuma yana cikin kifayen teku masu sauƙin riƙewa, in dai ruwan na teku ne na gaske. Gishirin girki ba ya yi. Ana amfani da haɗaɗɗen gishirin teku da ake yi don wannan aiki, kimanin giram 35 a kowace lita, ma'aunin nauyin ruwa ya nuna 1.025 zuwa 1.026. Zafi digiri 24 zuwa 27, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 8.1 da 8.4. Lita 40 ta ishi ɗaya ko ma'aurata. Kafin kifi ya shiga, tankin ya yi mako huɗu zuwa shida yana aiki da duwatsu a ciki, har ƙwayoyin bakteriya masu cinye ammoniya, wato gubar da ke fitowa daga dattin kifi, su kafu, gwaji ya nuna ammoniya da nitirait, gubar da ammoniyar take rikiɗewa ta zama, duk sifili. Gaggawa a wannan mataki ita ta fi kashe kifi. Ranar da aka kawo shi, a riƙa ɗiga ruwan tanki cikin ruwan da ya zo da shi na minti 30 zuwa 45 kafin a sake shi. A canza kashi 10 na ruwan kowane mako. Wanda ya ƙafe kuma a cike gurbinsa da tataccen ruwa mara gishiri, saboda ruwa ne yake tashi, gishirin yana nan. Mai cikawa da ruwan gishiri zai wayi gari gishirin ya yi yawa bai san dalili ba, kuma a ƙaramin tanki abin yana faruwa da sauri.

Abu na biyu da ke kashe shi yunwa ce. Yakan iso a rame, kuma ba ya bin abinci da gudu, jira yake ya zo wucewa. Idan akwai kifaye masu zafin nama, za su cinye kafin ya motsa. A kashe famfo na 'yan mintoci, a ɗebi daskararrun ƙananan jatan lande da aka narkar, a yayyanka idan sun fi bakinsa, a fesa su da bututu dab da inda yake zaune, kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a rana. Cikinsa za ka duba: idan ya shafe ya lotsa ta bayan fukafukan ƙirji, ba ya samun rabonsa. A rufe bakin famfo mai zuƙo ruwa da raga ko soso, a sa murfi a saman tanki, kuma kada a haɗa shi da kifin da bakinsa zai ɗauke shi, guba ko ba guba. Biyu masu iri ɗaya sukan daidaita su zama ma'aurata. Uku a ƙaramin tanki, na ukun zai sha kora.

A tanki ba dole sai da Acropora mai rai ba, tunda babu mafarauci kuma abinci yana zuwa. Zai zauna a kan dutse mai rassa, ko wani murjanin, har ma a jikin gilashi. Idan kuwa za a sa Acropora, to a sani shi murjanin ya fi kifin wuyar sha'ani nesa ba kusa ba: yana son haske mai ƙarfi, ruwa mai motsi, kalsiyam wajen 400 zuwa 450 a ma'aunin miligiram cikin lita, da ruwan da ba ya sauye-sauye. Kuma girman curin yana da muhimmanci. Gutsuren da babban curi a teku ba zai ko ji ba, a ɗan reshe mai tsawon yatsa rauni ne, balle idan ma'auratan suka kankare gindinsa don saka ƙwai. Farin tabon yakan bazu har reshen ya mutu. Sukan saka ƙwan a tanki akai-akai, har su ƙyanƙyashe, amma famfo da tacewa suna kwashe 'ya'yan a daren farko. Mai son raya su sai ya ware musu tanki dabam mara zuƙo ruwa, ya tanadi rayayyun ƙananan halittun ruwa da ake kiwo musamman tun kafin ranar ƙyanƙyasa, domin bakinsu bai isa ya kama jaririn jatan landen gishiri da ake ba sauran 'ya'yan kifi ba sai bayan sun yi kwanaki suna girma.